Sallau da Sunayen Gangunan Baba

A wani ƙauye kusa da Talatar Mafara akwai gidan makaɗa, gidan Baba Makau. Tsohon yana da 'ya'ya maza biyu. Lawwali, ƙaramin, ya koyo aikin ɗaukar sauti a birni, ya dawo ya buɗe situdiyo a shagon ƙofar gida. Babban kuwa, Sallau, mutum ne mai kirki da tsabtar zuciya, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Matarsa Lantana ta daɗe da sanin haka, shi ya sa ba ta aikensa sai ta auna kalmominta.

Da hannun Baba ya fara rawa, Lawwali ya ƙudura ya ɗauki sautin kowace gangar tsohon ya adana a kwamfuta. Suka yi wata guda suna ɗauka: kalangu, kotso, kurya, duma. Sauti ya taru fiye da ɗari uku, duk babu suna. Da yake Sallau ya iya rubutu, ko da yake da yatsa ɗaya yake danna madannai, sai aka ba shi aikin.

Wata rana Lawwali zai fita, ya ce masa, "Yaya, ka sa wa kowane sauti suna." Da ya dawo ya tarar da Tanko, da Ladi, da Jummai, jere a kwamfuta. Wasu bugu biyu da suka fito a tare an sa musu Hasan da Husaini. Sallau ya ce sunayen maza sun ƙare masa a na sittin, kuma yana so ya ji ko rago ɗaya zai wadatar. Lawwali ya dafe kai, Baba kuwa ya yi dariya har da tari.

Lawwali ya zaunar da shi ya koya masa tsarin. Sunan ganga ne farko, sai yadda aka buga ta, a sake ko a matse, sai lamba, kamar kalangu_matse_02. Ta haka mai nema zai san abin da ke ciki tun bai saurara ba. Ya ƙara da cewa kada ya bar fili tsakanin kalmomi, ya riƙa jan layi a ƙasa.

Wata rana Lantana ta kawo abinci shago ta rasa inda za ta taka. Sallau na rubuta kalma, sai ya sauko daga kujera ya ja layi da gawayi a daɓe, ya koma ya rubuta ta gaba. Layukan sun cika shagon, sun fita har bakin hanya. Ya roƙe ta ta bi ta gefe, kada ta goge masa na kotso.

Wata rana kuma Lawwali ya bayyana masa cewa masu sana'ar suna kiran sautin da aka ƙara wa amsa-kuwwa jiƙaƙƙe, wanda ba a taɓa ba kuma busasshe, ya ce ya ware su. Sallau ya shafa gangunan ɗaya bayan ɗaya ya ji duk a bushe suke. Don kada aiki ya tsaya, ya raba su biyu, ya kai rabi bakin rijiya ya jiƙa su. Kwana huɗu fatun suna shanye a kan danga. Lawwali bai yi masa magana ba sai a na uku.

Saura tarin ƙarshe, na dogayen kiɗan kalangu, sai tafiya ta kama Lawwali. Ya gaji da bayani, ya ce kawai, "Ka saurari kowanne, abin da ya ce maka shi za ka rubuta." Sallau ya saurara bai ji Hausa ba, sai ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Baba zaure. Yana kunnawa, tsohon yana faɗa masa abin da kalangun ke cewa da gidan da ake yi wa, shi kuma yana rubutawa da yatsa ɗaya. Mako guda suka yi a haka. Lawwali ya dawo ya ga sunaye masu tsawon igiyar guga, babu lamba ko ɗaya. Ya yi faɗa, ya ce sai an sake su duka idan ya sami sukuni.

Bai samu ba, domin a watan ciwo ya shanye wa Baba ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Ana cikin jinya, mahautan garin suka zo. Za a naɗa sabon Sarkin Fawa, suna son taken gidansu, wanda Baba kaɗai ya sani. Lawwali ya zauna gaban kwamfuta ko zai dace da shi a cikin tarin. Ya rubuta "fawa" a wurin nema, sai ga shi ya fito: taken_gidan_fawa_wuƙa_ta_yi_kaifi_ku_fito. Ya kunna, wani dattijo cikin mahautan ya miƙe tsaye yana jinjina hannu.

Bayan sun tafi, Lawwali ya bi sunayen yana karantawa: na manoma, na maƙera, na gidajen da suka daɗe da tashi. Can ya tsaya a kan wani: Hajo_ta_ɗora_tukunya_baƙi_ku_zauna. Hajo mahaifiyarsu ce, shekara goma da rasuwa. Bai taɓa sanin tana da take ba. Ya kai wa Baba ya kunna, tsohon ya lumshe ido, yatsun hannunsa mai lafiya suna bin kiɗan a kan tabarma.

Sallau ya leƙo ya ce, "Yau ne za a sake sunayen?"

Lawwali ya share ido ya ce, "A'a Yaya. Kada ka taɓa komai."

Sallau ya maida hannuwansa baya ya tsaya. Haka Lantana ta same shi da azahar, tuwo a gabansa yana hucewa.