Murjanin da ke Gaida Alhaji Nomau

Duk wanda ya ce Agadas ba ta da teku, to bai taɓa shiga ɗakin baƙin Alhaji Nomau ba. Allah ya yi wa garin nan baiwa, ya ba shi dogon masallaci, ya ba shi maƙeran azurfa, da ya ga har yanzu da saura sai ya ƙara masa da Alhaji Nomau. Mutum ne mai manyan motoci da ke ɗibar kaya zuwa Dirku, mai tumbi na mutunci, mai muryar da ake ji daga tasha har kasuwar dabbobi. Ba a taɓa sauya gwamnati ba sai ka tarar shi ne na farko wurin barka. A shekarar da damina ta ƙi, shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Aderbissinat, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai, a shekarar ce Alhaji ya mallaki teku. Ƴan tasha suka laƙaba masa Amiral, wato babban hafsan sojan ruwa. Ya karɓi sunan hannu biyu, har yana ganin an yi jinkirin ba shi.

Tekun dai wani akwatin madubi ne, tsawonsa ya kai gado. Wani Bature mai otel ne ya sayar masa, da masu yawon buɗe ido suka daina zuwa ya tattara zai koma gida. A ciki akwai ruwan gishiri, da duwatsu, da ƴan kifaye masu kwalliya, sai kuma abin da ya fi komai tsada, wato murjani mai laushi. Uwargidansa Hajiya Kadidia da ta ji an ce murjani ta taso da murna, ta ɗauka na wuya ne. Ta tarar da wasu abubuwa luɓus-luɓus manne da dutse, ba su zama ciyawa ba, ba su zama nama ba, suna ta kaɗa ƴan yatsu. Ta ce Allah ya sa alheri, ta koma madafa.

Kafin Baturen ya tafi ya yi ta nanata magana guda. Pompo biyu masu tura ruwa ne a cikin akwatin, ɗaya a kowane gefe. Wannan ya hura ya yi shiru, wancan ya karɓa, don ruwa ya riƙa kai da komo. Murjani ba ya tafiya, ruwa ne ke kai masa abinci, ruwa ne ke wanke masa yauƙin jikinsa. Inda ruwa ya kwanta datti zai taru ya ruɓar da shi, inda kuma ya yi ƙarfi da yawa zai ƙuje shi. Alhaji ya yi ta gyaɗa kai yana cewa "Wi, wi." Gaskiyar magana inuwarsa ya hango a jikin madubin, yana gyara zaman hula.

Ba a yi mako ba abin ya fara sosa masa rai. Yana zaune a kujerarsa, wadda ya ajiye daf da ƙofa don mai wucewa ya samu rabon ganinsa, sai ya lura murjanin nan ba su da tarbiyya. Wannan ya karkata gabas, wancan yamma, can kuma su sauya.

"Wanga wane irin désordre ne?" in ji Amiral. "Ƙasa duka ta shiga discipline, sai cikin gidana ne kowa zai riƙa rangaji yadda ya ga dama? Bature ya san teku, amma ni na san mulki!"

Nan take ya zare wayar pompon da ke gefen kujerarsa. Na ƙuryar ɗaki kuwa ya murɗa shi har ƙarshe, ya saita bakinsa ya dubi kujerar. Kai, jama'a! Sai ga murjanin nan kaf sun rusuna wuri guda, kawuna a ƙasa, suna fuskantar Alhaji Nomau. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa. Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da ya sauka daga Makka.

Daga nan fa aka samu abin yi. Kullum da hantsi zai shigo da babbar riga, ya zauna, ya ɗaga musu hannu ya ce, "Lafiya lau, lafiya lau. Ku tashi hakanan." Ba su tashi. Sai ya juya ga ƴan fadarsa da ke zube a kan darduma suna jiran shayi, ya ce, "Kun gani? Dabbar teku ke nan, ba ta cin nawa, ba ta shan nawa, amma ta san girma." Su ce, "Sai Amiral!" Kowa a gindin kujerar Alhaji yake zama, don daga nan ne tekun ya fi kyau. Ƙuryar ɗakin kuwa ko mai shara ba ta cika leƙa ta ba.

A waje gari na cikin wani hali. Robine, wato famfon ruwan sha, sai ya yi tari ya yi shiru. Mata na jera bido na ɗibar ruwa tun asuba, a yi ta faɗa a kan layi. Sai aka turo wani Kumanda daga Yamai ya kafa kwamitin rabon ruwa, unguwa-unguwa, aka ce cikin manyan gari za a ɗauki shugaba. To a nan ne ciwon Alhaji yake. Yana da motoci, yana da gidaje, amma duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa kiransa Mushe le Président ba, ko na ƙungiyar iyayen yara. Abin na cinsa a rai ƙwarai. Ga shi kuma an ce Alhaji Illo, abokin gasarsa a tasha, shi ma yana zawarcin kujerar. Amiral ya ce in dai ana maganar sarrafa ruwa ne, a nuna masa wanda ya taɓa sa ruwa ya yi ladabi. Ya aika wa Kumanda goron gayyata, ya sa aka kayar da rago.

Bayan azahar Kumanda ya iso, siriri, marar yawan magana. Alhaji ya yi abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, ya kakkaɓe kujerarsa da hannun riga ya ce, "Bisimilla, mon Commandant." Dabararsa ita ce baƙo ya zauna, teku ta gaishe shi, magana ta ƙare. Ashe soja ba ya ba ƙofa baya. Kumanda ya yi godiya, ya ja wata kujerar roba ya kai ta can ƙurya, ya jingina da bango. Alhaji ya ga ba dama, ya zauna a tasa ya buɗe jawabi.

"Mon Commandant, ranka ya daɗe, abin da kake gani ba ado ba ne, programme ne. Ruwa kamar talaka yake, in ba ka nuna masa hanya ba sai ya watse. Ni na nuna masa. Dubi ƙiba, dubi lafiya, dubi natsuwa! Yadda na raba ruwa a cikin akwatin ga, haka zan raba na Agadas. Exactement haka, ba ragi ba ƙari!"

Kumanda ya juya ga akwatin. Ya sunkuya yana leƙen gefen da yake zaune, ya daɗe. Can ya ce, "Alhaji, zo ka gani."

Amiral ya taso da fara'a ya zagayo. Tun ranar da ya murɗa pompon ƙurya bai sake tsayawa ta wannan gefen ba. Murjanin da ke bakin pompo ruwa ya ƙuje su sun yi sanƙo, sun dunƙule. Waɗanda ke bayan dutse, inda ruwa ba ya kaiwa, datti ya binne su, sun yi baƙi suna zagwanyewa. Masu ƙibar nan da ake ta yi wa kirari ƴan gefen kujerarsa ne kaɗai.

Amma ba wannan ne ya kaɗa hantar Alhaji ba. Abin da ya gani shi ne, daga inda Kumanda yake zaune, duk murjanin nan sun juya wa hukuma baya, sun rusuna wa kujerar farar hula. A zamanin soja! Gumi ya karyo masa.

"Ayya, kuskure ne, mon Commandant, yanzu za su gaishe ka!"

Ya ruga, riga na harɗe shi, ya cusa wayar ɗaya pompon. Pompon da ya daɗe yana hutu ya yi wani gurnani ya hura da ƙarfinsa. Dattin da ya taru a bayan duwatsu ya tashi gaba ɗaya. Kafin ka ce me, teku ta koma ja-ja-ja irin ruwan korin Telwa, rafin garin nan, ranar da ya sauko. Kifi bai ganuwa, murjani bai ganuwa, sai wani ƙarni da ya cika ɗakin har ya danne ƙamshin rago. Ƴan fada suka sunkuyar da kai, kowa ya ga abin sha'awa a jikin darduma.

Kumanda ya miƙe ya gyara ɗamara. Ya ce, "Ka ce yadda ka raba nan, haka za ka raba na gari?"

Alhaji ya ce, "To... wato..."

"Na yarda da kai, Alhaji. Ban ga alamar kana ƙarya ba."

Ya ci tsoka biyu don kada a ce ya raina abinci, ya yi sallama.

Ba a jima ba rediyo ta faɗi sunan shugaban kwamitin rabon ruwa, Alhaji Illo. Dardumar ɗakin baƙi ta samu hutu, don ƴan fada sun gano cewa shayin gidan Illo ya fi kumfa. Amiral ya shige ciki ya ce zazzaɓi yake yi, ya kwana biyu bai leƙo ba. Ba wanda ya tuna ya zare wayar, pompo biyu suka ci gaba da karɓa-karɓa yadda aka yi su. Ruwa ya tace kansa ya yi garau.

Ranar da ya ji dama-dama ya sa babbar riga, ya fito ya zauna a kujerarsa. Ko ba kowa, in ji shi a ransa, akwai masu sanin girma a gidan nan. Ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwa, hannun ya tsaya a sama. Murjanin da suka tsira sun buɗe fiye da yadda ya taɓa gani, sun baje yatsu, suna rausaya dama da hagu abinsu. Ko guda bai dube shi ba.

"Hajiya! Hajiya! Zo ki ga iskanci!"

Hajiya Kadidia ta leƙo da ludayi a hannu, ta dubi akwatin, ta dubi mijinta.

Ta ce, "Bar su, Alhaji. Su ma sun ji rediyo."