Tukuicin Baturiya

"Lafiya ƙalau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yanzu kina nan kina cinye mana hatsi?"

"Ina nan daram, mijin banza. Wata uku ba cefane, yau ka faɗo min da igiya a hannu kamar ɓarawon awaki."

Misbahu ke nan da kakarsa Hajiya Maimuna, wadda duk Miga ake kira Iya. Ya gama jami'a a Kafin Hausa, yana Dutse yana neman aiki. Duk duniya abin da ya mallaka rago ɗaya ne, wanda Iya ta shekara biyu tana yi masa kiwo don sadakin Nuriyya. Misbahun ne fa mai yi mata wa'azi kullum kada ta faɗa wa kowa lambar sirrin katinta na banki. Yau ya aro babur zai kai ragon kasuwar Gujungu.

"Kwance min ragona, Iya. Talauci ya ƙare. Wata baturiya ce ta aiko min da imel, tana kwance rai a hannun Allah, ba ɗa ba jika. Ta ce ni ta zaɓa in gaji dala miliyan biyu."

"Kai? Da wannan kan naka mai kama da tulun da ya faɗi? Ashe ciwon har idonta ya taɓa."

"Baƙin ciki kike, don kin ga zan sake ki. Jirgi zan saya, in ɗora ki a kan fiffike."

"To, Allah ya sanya alheri. Mene ne laifin rago a ciki?"

"Lauyanta ya ce in tura dubu ɗari da hamsin na takardu kafin jibi, in ba haka ba a ba wani."

"Mai miliyoyi ce ba ta da na takarda? Ya cira a ciki mana, ya turo maka ragowar."

"Doka ta hana. Ke ina kika san dokar Turai, ko Kano sai an riƙe miki hannu."

"Ta san sunanka?"

Misbahu ya ɗan sosa ƙeya. "Ta ce 'ya abokina abin ƙauna.'"

"Haka mai tallan maganin basir yake ce wa duk 'yan kasuwa. Ubanka ya sani?"

"Ta ce kada in faɗa wa kowa, saboda mahassada. Ga shi kuwa na fara gani."

Iya ta yi dariya. Ta san kafiyar jikan nan nata, in aka yi masa faɗa to ragon ya tafi, auren Nuriyya ya bi shi. Sai ta gyara zama a tabarma, ta yi ƙasa da murya.

"Tunda arziki ya zo, bari in ƙara maka. Kafin Malam kakanka ya rasu ya bar maka gonar riɗin nan ta bakin hanya. Takardar tana cikin adakata. Shekara goma ina ɓoyonta, kada baffanninka su ji."

Misbahu ya zaro ido. "Iya! Da gaske? Ɗauko!"

"Miƙo min wayarka tukuici, sai in ɗauko."

"Wayar tawa? Taɓ! Ke da kika taɓa sayar min da ƙwan zabo kika ce na jimina ne? Fara nuna min takardar."

"Doka ta hana. Kuma kafin la'asar, in ba haka ba in ba Abdurrahman ƙanenka."

"Haba tsohuwa! A ina aka taɓa ba da tukuici kafin kaya ya shiga hannu? Ai sai ɗan aike ya dire, an buɗe an gani, sannan a ba shi. Ko yaron goye ya san..."

Maganar ta maƙale. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi wayar, ya dubi igiyar. Ragon ma ya ɗago daga kwanon dusa yana kallonsa.

"Ƙarasa mana, mai digiri," in ji Iya. "Ni da na goya ubanka, kai ma na wanke maka kashi, ba ka yarda da ni ba sai ka ga takarda. Amma baturiyar da ko tarinta ba ka taɓa ji ba, ita za ka kai wa sadakin Nuriyya."

Kunya ta kama shi sosai. Ya zauna a kan turmi, ya share saƙon. Can ya ce, "To gonar fa?"

"Tana can tare da miliyoyinka."

Ya fashe da dariya har da hawaye. "Wallahi ke ce lauyan. Gobe zan kai ki wurin 'yan sanda."

"Ka biya kuɗin mota tukuna."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta dire masa a tafin hannu. "Buɗe ka gani. Ya shiga hannu?"

"Ya shiga."

"To, ina tukuicina?"

Misbahu ya naɗe igiyar ragon, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu.