Manoma Ɗari da Talatin

Ƙwas-ƙwas ɗin biro a bakin faranti ne ya jawo mini. Haruna, ƙanen maigidana, ya zo daga Dungass yana shirin konkur, wato jarrabawar shiga karatun digirin masta, wani lissafi ya hana shi cin tuwo.

Na ce, "Karanto mini, ai ni ma na yi lakwal, na san boko."

Ya karanta: a wani gari kowa manomi ne, ba wanda ba ya noman hatsi ko wake, kashi saba'in cikin ɗari suna noman hatsi, sittin suna noman wake. Nawa ke noman duka biyun?

Ko bisimilla ban yi ba na haɗa. "Ɗari da talatin? Littafinka ya yi kure! Sai dai in baƙi sun shigo daga Najeriya."

Ɗiyata Nana ta ɗago kai. "Inna, Baba yana noman hatsi da wake. Shi mutum biyu ne?"

Haruna ya cire ɗari daga lissafina, ya rubuta talatin, dariya har da hawaye. "Matar yaya, Allah ya ƙara basira!"

Ya ci konkur, alhamdu lillahi. Amma har yau in ina rabon ƙosai, sai Nana ta miƙo hannu biyu: "Inna, na yi shara, na yi wanke-wanke. Ƙirga ni sau biyu."