Ranar da Na Kai Waliyyin Amarya a Motar Jandarma

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Sani ɗan kawuna a unguwar New Bell ta Douala ba. Daga Kano na je Douala, a shekarun da rikicin yankin masu Turanci na Kamaru ya yi zafi. Shinge ko'ina, jandarmomi kuwa ba sa dariya da kowa.

Ranar auren da safe aka rasa mai ɗauko waliyyin amarya, Baffa Ummaru, daga Edéa. Ƙarfe biyu za a ɗaura, in babu shi kuma babu aure. Na bugi ƙirji na ce ni zan je (mutumin da ya shekara goma yana tuƙi a Kano, wace hanya ce za ta ba shi tsoro?).

Sani ya miƙo min makulli ya ce, "Mon frère, ka kula da radar, na'urar kama masu gudu. In motar da ke tahowa ta ƙifta maka fitila, jandarma na gaba, sai ka rage gudu. Haka muke yi a nan."

Haka kuwa aka yi. Wata tifa ta ƙifta min, na taka birki, sai ga su laɓe a gindin bishiya da na'urarsu. Na wuce kamar mutumin kirki. Wallahi al'adar ta burge ni.

A dawowa, da Baffa a gefena, muka sake wuce su lafiya. Nan fa na ce lokacin ramuwar alheri ya yi. Duk motar da ta tunkaro sai na yi ta ƙifta mata fitila ba ƙaƙƙautawa.

"Ɗana, sau ɗaya ake yi," in ji Baffa.

Ina! Sai ga wata farar mota ta ƙi kula ni. Abin ya ba ni haushi. Da ramin hanya ya sa ta sassauta, na zuro hannu ta taga na tsayar da ita, na kwarara wa direban da Turanci cewa 'yan sanda na gaba. Gilashin baya ya sauka a hankali. Hular kwamandan jandarma na fara gani.

"Merci," ya ce. "Garez-vous." Wato in faka a gefe.

Ga Turanci, ga lasisin Najeriya, ga tare motoci ina tona asirin shinge. Nan take aka ce ɗan leƙen asiri ne ni. Baffa ya yi ta roƙo da Faransanci yana nuna katin gayyata da agogo. Kwamanda ya ce mota da lasisi sun zauna, mu kuma zai kai mu da kansa ya ga ko da gaske akwai auren.

Haka muka shiga New Bell, Baffa a gaba, ni a bayan akori-kurar jandarmomi, tsakanin bindigogi biyu, babbar rigata tana tashi a iska. Jama'ar da ke ƙofar masallaci suka ɗauka samame ne. Kafin ka ce kwabo wuri ya watse, sai takalma da tabarmi (maroƙi ma da idona na ga ya tsallake kwata). Liman da ango kaɗai suka rage, suna kallona. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Da ƙyar aka tattaro mutane aka ɗaura. Kwamanda ya karɓi goronsa ya sake ni, washegari na biya tara na karɓo motar.

Har yau Mai Fitila suke kirana a unguwar. Su yi ta yi. Waye ya kawo waliyyi ƙarfe biyu saura? Kuma a gaya min, radar ta kama ni? Abin da na koya ɗaya ne: a ƙasar mutane, ka ƙifta sau ɗaya, ka bar hannunka a cikin mota.