Fenti na Mai Girma, Yoyo na Marigayi

Jiya na jiƙe sharkaf a cikin ɗaki, ina zaune a kan kujerar roba, da rufi a bisa kaina da katin gayyata a aljihuna. Da a titi ruwan ya same ni, da ban ɗauki biro ba. Amma a zauren asibitin unguwarmu ya same ni, a tsakiyar bikin buɗe shi, asibitin da aka haifi 'ya'yana duka a cikinsa, har babbarsu ta koma ta haifi nata.

Mai karatu zai tambaya yadda ake buɗe abin da ba a taɓa rufewa ba. Ni ma tambayar ta daɗe tana cin raina, kuma amsarta tana cikin suna.

Garinmu ya yi dace da mutum uku masu suna ɗaya, har da sunan uba, alhali ba dangin juna ba ne, ba su kuma yi tashe a zamani ɗaya ba. Na farko likita ne na zamanin iyayenmu, wanda ya gina asibitin nan da gumin goshinsa, aka sa masa sunansa. Na biyu direban jirgin ƙasa ne da ya ja birki a bakin gadar da ruwa ya cinye, da jirgi cike da mutane a bayansa, aka raɗa wa titin tasha sunansa. Na uku mai tsaron raga ne na lokacin ƙuruciyata, mutumin da ƙwallo ke jin kunyarsa, shi ne mai sunan filin wasanmu. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Sai Allah ya kawo mana na huɗu: Mai Girma, Uban Ayyuka, Mai Almakashin Zinariya, wanda shi ma sunan nan ne nasa, baƙi da wasali. Lokacin da yake neman yardarmu ya yi alkawarin asibiti da titi da filin wasa. Da ya hau kujera, sai masu hikimar da ke kewaye da shi suka zaga gari, suka tarar da duka ukun a tsaye, kowanne da sunan maigidansu a jikin allo. Me ya rage? Fenti da kirtani.

Maƙwabcina Tela ne ya fara ankarar da ni, muna layin mai, kowa na tura babur ɗinsa taku ɗaya yana hutawa.

"Malam, ka ga titin tasha? An buɗe shi shekaranjiya."

Na ce, "An cike ramukan?"

"An shafa musu farar ƙasa a gefe, don mutum ya ga inda zai faɗa. Ai ni yanzu nadama nake. Da na san haka aiki yake, da na sa wa ɗana sunan da ke jikin allon kasuwa."

Na yi dariya, daga baya dariyar ta dame ni, kamar yadda yawancin dariyata ke yi. Dole dai a yaba wa wannan tsimi. Wasu shugabanni sai sun wahalar da siminti da lebura kafin a ga sunansu a bango. Namu iyayensa ne suka gama masa aikin tun yana cikin zanen goyo.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da Gwaggo ta yi sallama a ƙofata. Gwaggo ita ce 'yar autar likitan, tsohuwa ce mai sanda, gidanta na bayan nawa. Tun rasuwar mahaifinta take zuwa asibitin da ƙyalle a jaka, ta goge gilashin hotonsa da ke rataye a zaure, ta gaisa da masu jinya, ta dawo. Ba wanda ya ɗora mata aikin, ba kuma wanda ya taɓa hana ta.

"Mai Biro," in ji ta, don haka take kirana, "sun sauya mini uba."

"Subhanallahi, Gwaggo. Kamar yaya?"

"Na je na ɗaga ƙyalle, sai na ga wani mai kumatu yana mini murmushi. Baba bai taɓa yin kumatu ba, bai samu lokaci ba. Tashi ka raka ni, kai da ka iya magana da masu takalmi mai ƙara."

Ban iya ba, amma na tashi. Muka sami Mai Lasifika, wato jami'in da ke magana da yawun Mai Girma, yana tsaye a zauren yana nuna wa masu fenti inda za su tsallake. Ya gaishe da Gwaggo har da rusunawa, domin ladabi ba ya cikin abubuwan da suka yi ƙaranci a ofishinsu.

Gwaggo ta ce, "Ɗana, hoton mai asibitin nan nake nema."

Ya nuna bango. "Ga shi nan, Gwaggo."

"Wannan ko allura ya taɓa riƙewa?"

"Gwaggo, ki karanta sunan da ke ƙofa, ki karanta na ƙarƙashin hoton. Akwai bambanci? Mu a wurinmu mai sunan nan ɗaya ne. In muka rataye fuska biyu a kan suna ɗaya, jama'a za su ruɗe, kuma Mai Girma ba ya son ruɗa jama'a."

Na buɗe baki da niyyar faɗin magana mai nauyi, irin wadda nake tsarawa a zuci in ina aske gemu. Abin da ya fito shi ne, "To, a duba dai." Ya yi alkawarin za a duba, ya kuma ba mu katin gayyata, ni da ita, layin gaba. Na karɓa har da godiya. A hanya Gwaggo ta wuce gabana a kan sandarta, ina biye da kati a hannu, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya aka yi bikin. An share zaure, an ari gadaje masu kyau an jera, an kwantar da wasu ƙosassun samari a kai don su wakilci marasa lafiya. Mai Girma ya iso a makare, da motocin da ban taɓa ganin irinsu a layin mai ba. Ya datse kirtani. Mai Lasifika ya shiga lissafa ayyukan mai suna, kuma da zance ya yi daɗi, sai ga Mai Girma ya karɓi haihuwa, ya tsayar da jirgi, ya kama bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai Girma yana gyaɗa kai a hankali, kamar mai tuno wahalar da ya sha.

Sai hadari ya haɗo. Rufin da aka yi wa fenti daga ƙasa, ba a hau an duba shi daga sama ba, ya fara ɗiga, sannan ya saki gaba ɗaya. Marasa lafiyar aro suka warke nan take, suka dire daga gadaje. Ruwa ya sami hular Mai Girma. Yoyo ya ci gaba da ɗiga a kan kujerun roba.

A nan na ga gwanintar da ta cancanci lambar yabo. Mai Lasifika ya raɗa wa wani magana a kunne, kafin ka ce me sai ga tsohon hoton likita an fito da shi daga sito, da ƙura da yanar gizo, an rataye shi daidai ƙarƙashin yoyon.

"Jama'a," in ji shi, "kada a ruɗe. Masu sunan nan biyu ne. Wannan bawan Allah shi ya yi rufin, tun kafin a san inganci. Mai Girma gadon matsalar ya yi."

Gwaggo ta miƙe a kan sandarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mai Biro, hau kujera ka sauko mini da ubana."

Na dubi masu tsaron Mai Girma, na dubi gwiwoyina, na dubi ruwan da ke gangara a kan gilashin. Na hau. Kujerar roba ba ta son mutum mai shekaruna, amma ta daure. Na sauko da hoton, Gwaggo ta goge shi da ƙyallenta, ta rungume.

Mai Lasifika ya matso. "Gwaggo, wannan fa kayan hukuma ne."

"Na wa? Da bakinka ka ce mini mai sunan nan ɗaya ne. To ga shi can yana matse hula, ka tambaye shi labarin rufi. Wannan tsohon ba ku san shi ba ranar fenti, ba za ku san shi ranar ruwa ba."

Ta fita a hankali, ba wanda ya tare ta. Yanzu likita yana rataye a ɗakin 'yarsa, inda rufi ba ya yoyo. Asibiti kuwa ya zauna da suna ɗaya da fuska ɗaya, yadda suka so, da bokitai a ƙarƙashi.

Da yamma Tela ya leƙo ya ce mini wani matashi mai sunana, har da na uba, ya fara manna hotunansa a bangon unguwa yana neman kujera. Ni a duniya ban gina komai ba, sai benci ɗaya da na kafa a ƙofar gida don masu jiran mota. Na daɗe ina duban bencin. Ƙafarsa ɗaya tana girgiɗi. Na bar shi a wurin, amma na kira kafinta tun ina da ran da zan kare kaina, kada ranar da ya karye a nemo hotona.