Yadda Za Ka Shawo Kan Inna Cewa Injin Haƙa Ba Gidanta Ya Nufa Ba

Barka da samun aiki. Kamfanin haƙar kwal ya ɗauke ka jami'in hulɗa da jama'a, an ba ka tebur kusa da taga, da kujera mai juyawa, da farar hular kwano. Kada ka ruɗi kanka wai takardunka ne suka burge su. Da ɗan gari akan ci gari. An ɗauke ka ne saboda a layin da ke bayan shingen kamfanin aka haife ka, kuma gidan ƙarshe, wanda ya jingina da wayar shingen, na mahaifiyarka ne.

Manaja ya riga ya gaya maka a tsaye, hannunsa a kafaɗarka: kwal ya bi ta ƙarƙashin layin, injin kuwa kwal yake bi. Abin da ba ya so shi ne mutanen layin su farga da wuri, su haɗa kai, su nemo lauya. Su kuwa mutanen layin Inna suke kallo. In ta kwantar da hankalinta, kowa ya kwantar. In ta ɗaura ɗamara ta fito, kujerarka mai juyawa ta zama ta wani.

Ka bi matakan nan yadda na jera su. Samari da dama sun bi ta hannuna a wannan fanni, ko ɗaya bai faɗi ba. Na yi maka alkawari Inna za ta yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Mataki na 1: Ka san wadda kake yi wa aiki

Ba a iya yin ƙarya mai kyau a kan abin da ba a sani ba. Je ka bakin rami ka ƙare wa injin kallo. Ma'aikata Gwaggo suke ce mata, kai ma haka za ka riƙa cewa, don ba wanda ke gudun Gwaggo.

Jikinta ya kai gidan bene. Wuyanta na ƙarfe ya kusa tsawon filin ƙwallo, a ƙarshensa kuma guga ne rataye da sarƙoƙi, wanda zai haɗiye falon Inna da kujerunsa bai ƙoshi ba. Takan wurga gugan can gaba, ta janyo shi ta ƙasa har ya cika, ta juya ta zubar a gefe, ta sake. Ita ba ta taɓa kwal ɗin. Aikinta ta kwashe duk abin da ke samansa, ƙasa ce, dutse ne, bishiya ce, ko abin da tsautsayi ya sa aka gina a wurin.

Ba ta da taya. Zaune take a kan wani ƙaton faranti na ƙarfe, da takalma biyu a gefenta, kowanne tsawon motar bas. In za ta matsa sai ta dafa takalman, ta ɗaga jiki da nishi, ta ja gindi kaɗan, ta zauna. Kunkuru zai wuce ta, ya dawo ya yi mata sannu. Wannan jinkirin shi ne jarinka. Sannu ba ta hana zuwa, amma wannan karin maganar ka bar shi a ofis, kada ka kai shi gida.

Mataki na 2: Kada ka je gaisuwa da kayan gida

Ko ranar hutu ce, ka je da hular kwano da rigar nan mai ƙyalli. Ɗan da ke cikin kayan gida ana iya jan kunnensa, amma na cikin hular kwano ya zama hukuma. In ka zauna, ka ɗora hular a gwiwa yadda tambarin kamfani zai kalli ƙofa, don matan layin da za su shigo aron tsintsiyar da ba sa bukata. Inna za ta yi ta ƙorafin ka rame, tana satar kallon hular tana murmushi.

Mataki na 3: Ka nuna mata ƙeya

Ga sirrin sana'ar, da shi na ci abinci shekara da shekaru. Gwaggo da baya take tafiya. In za ta matsa, wuyanta yana kallon ramin da ta haƙa, ita kuwa tana ja da baya zuwa sabuwar ƙasa. Wato duk inda ta juya wa ƙeya, can za ta. Kai ka sani, direbanta ya sani, Inna ba ta sani ba.

To ranar da ta tare ka da maganar, ta ce tela maƙwabcinta har ya fara ɗaure kekunansa zai bar layin, kada ka yi gardama. Ka kama hannunta ka kai ta ƙofar baya, wajen igiyar shanya, inda ake hango rami.

"Inna, duba da kyau. Ina take kallo?"

"Can wajen duwatsu."

"To wa kika taɓa gani ya nufo gidan mutane da ƙeya?"

Za ta ƙyalƙyale da dariya. "Sai dai mai jin kunyar masu gidan," in ji ta. Ka taya ta dariyar, kada ka tsaya nazarin maganar.

Ka lura, kai ba ka yi ƙarya ba, tambaya kawai ka yi. A wannan aiki ƙaryar da ta fi ƙarko ita ce wadda mutum ya yi wa kansa, kai kana gefe kana gyaɗa kai.

Mataki na 4: Ka nemo wa tsagar bango uba

Kafin Gwaggo ta ci ƙasa, sai an sassauta mata ita da nakiya. Duk ranar fashewa kofunan Inna za su yi rawa a kabad, wata rana kuma tsaga ta bayyana a bangon falo, daga saman taga zuwa rufi.

A nan sababbin shiga ke tafka kuskure, su ce ai tsohon gini ne. Kul! Marigayi mahaifinka ne ya ɗora bulon nan da hannunsa bayan ya tashi daga aiki, kai kana miƙa masa ruwa. Wanda ya aibanta ginin ya aibanta mijinta, kuma daga ranar ba za ta ƙara sauraronsa ba. Ka ɗora laifin a kan wanda ba shi da baki: ruwan sama, zafin rana, tururuwa, manyan motocin da ke bin babban titi. Sannan ka cire hoton Baba daga inda yake, ka rataye shi a kan tsagar. Za ta ce ka kyauta, ya fi fitowa a nan.

Ƙurar da ke sauka a kan shanya kuwa, kamfani ya tanadi sabulu mai tambarinsa. Ka raba gida-gida, ka sa a ɗauke ka hoto.

Mataki na 5: Ka yi jayayya da rana

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wata rana da yamma Inna za ta ce maka, ba tare da ta ɗago daga wankinta ba:

"Kai, da can inuwar wuyan nan a bayan shinge take tsayawa. Jiya har kan igiyata ta hau."

Ka ce rana ce ta canja hanya, haka take yi kowace shekara, an koya muku a makaranta. Ita ce ta sha wahala ta kai ka makarantar, ba za ta so a ce wahalarta ta tashi a banza ba. Za ta ce, "To, ku ne masu karatu." Washegari ka zo da ƙusa ka mayar mata da igiyar ɗaya gefen tsakar gidan, ka ce nan ya fi iska.

Mataki na 6: Ka shiga tsakaninta da direba

Direban Gwaggo mutumin kirki ne, kuma shi ne haɗarin. Dattijo ne mai ciwon baya, yana wuni a ɗakin gilashi can sama, hannu a kan sanduna, ido a kan guga. Bai taɓa ganin abin da ke bayansa ba, ba a kuma biyansa don ya waiga. Tsarin kamfanin ke nan daga sama har ƙasa, kowa da abin da aka ɗauke masa nauyin gani.

Matsalar ita ce yanzu sun matso kusa, har Inna tana hango masu jan wayar wutar Gwaggo suna fama da ita cikin rana, waya mai kaurin cinyar ƙato. Za ta tausaya musu. Za ta cika babbar kula da ruwan sanyi ta zuba abinci a kwano, ta ce ka miƙa wa abokan aikinka, har da na direba daban, tunda shi ne babba. Ka karɓa ka kai da kanka. Kada ka yarda direba ya zo godiya, don in ta tambaye shi ina suka nufa, zai nuna mata da yatsa, shi ba a horar da shi ba.

In ya tambaye ka daga ina abincin, ka ce daga gida. In ya ce wane gida, ka ce ya ci kafin ya huce.

Mataki na 7: Ka riƙe tsani

Ga alamar nasara. Za ka zo ka tarar da buhunan siminti a zaure da bokitan fenti a tsakar gida. Inna ta ce tunda ana nan, gara a gyara. Za a toshe tsagar, a sake rufin ɗakin da ka taso a ciki, saboda yaranka su riƙa zuwa hutu. Tela ya kwance kayansa, ya mayar da allon shagonsa, ya sallami wanda ya yi masa alkawarin wani shago a cikin gari. Ka ji shi da kunnenka yana gaya wa masu wucewa: "Ɗanta a ciki yake aiki. Zai bar uwarsa ta zuba siminti a rami ne?"

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana da ciwo, ni ma da nake rubutawa ba daɗinsa nake ji ba. Za ka ji kamar ka ce, "Inna, dakata." Kada ka ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In ta hau tsani don ta nuna wa mai fenti inda ya tsallake, ka riƙe mata shi da hannu biyu, kada ta faɗi.

Da ka koma ofis ka sanar da manaja. Zai yiwu a ƙara maka girma.

Mataki na 8: Ka tsaya inda aka tsayar da kai

Gwaggo ba ta taka ƙasa sai an share mata hanya. Saboda haka wata safiya katafila za ta ture shingen, masu awo su kafa turaku masu jan ƙyalle a gindin sabon fentin Inna. Kai za a turo ka yi bayani, ai aikinka ne.

Layin gaba ɗaya zai fito. Tela zai ci kwalarka, almakashi na rawa a aljihunsa, yana cewa, "Ka cuce mu, ɗan nan! A gabana ka girma!" Ka tsaya inda kake. Inna za ta ratso taron, ta cire hannunsa daga wuyanka.

"Ku sakar min yaro. Shi ma ba su gaya masa ba. Da ya sani, ni zai bari in sayi siminti?"

Za ta faɗa da ƙarfi, ta maimaita, har taron ya koma zagin manaja. Ka ga, har kare ka ta yi. A nan aikinmu ya kammala.

Abin da ya rage ƙarami ne. Za ta ce ka shigo ciki, ta rufe ƙofa. Za ta kakkaɓe maka kujerar da ake ba baƙi, ta kawo maka ruwa a kofin gilashi a kan tire, ta koma can bakin ƙofa ta zauna a ƙasa. Ba kuka, ba faɗa. Sai ta gyara mayafinta ta ce:

"Yallaɓai, zuwa yaushe kuke so mu kwashe kayanmu?"

Ka ba ta amsa daidai yadda aka rubuta maka. Ka sha ruwan, rashin sha raini ne.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin gida, ko shago, ko siminti, ko rashin barci, ko abincin da ya daina yi wa mutum daɗi. Duk wanda ya bi matakan nan, da ƙafarsa ya bi. Masu zuwa ofishina suna tambayar mataki na tara, wai yadda za a yi uwa ta daina ce musu Yallaɓai ta koma kiransu "kai", su daina wahalar da kansu. Na bincika, na tambayi waɗanda suka riga ni shiga aikin, har waɗanda suka yi ritaya. Duk suna zuwa gaisuwa, duk ana kawo musu ruwa a tire.