Bishiyar da Ke Cikin Hoto

Zarto, igiya, tamfol, da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. Kayan da na riƙo ke nan a bas ɗin Ratnapura, zan koma gidan kakanninmu. Wata bishiya da ake kira bo ta tsiro a saman bangon ɗakin Gwaggo Somawathie, saiwarta ta tsaga ginin har mutum zai iya zura hannu. Damina ta kusa, gadon Gwaggo kuma yana jikin bangon.

Gidan na ƙarƙashin kariyar hukuma. Ma'ana an kafa allon tagulla, an yi jawabi, an ci, an watse. Baranda mai ginshiƙan katako, rufin jan yumɓu, ƙofofi masu sassaƙa: ko ƙusa ba a bugawa sai da izini.

A Leeds na yi karatun injiniya, bishiya a wurina bishiya ce. Gwaggo ta hango zarton.

"Ɗan nan, can suka koya maka saran bo? Mu mabiya Buddha ba ma taɓa ta. Kira Fowzy, shi Musulmi ne, ba ruwansa."

Haka ake yi a garinmu. Fowzy maƙwabcinmu ya zo, ya ɗaga kai.

"Injiniya, zunubinku zan ɗauka kyauta. Na gwamnati kuwa ku ɗauki abinku. Ina izini?"

Na nema. Sai ga shugaban hukumar, Mai Girma Uban Tsoffin Gine-gine, da kansa, da jerin motoci. Ya dubi bangon, ya dubi wani hoto.

"Bishiyar nan tana cikin hoton ranar da muka sa gidan a kariya. Ita ma tarihi ce."

"Ranka ya daɗe, a hoton ganye biyu ce."

"To ka ga amfanin kariya."

"In bangon ya faɗi fa?"

"Sai gidan ya shiga sahun kufai. Su kasonsu na kuɗi ya fi tsoka."

Irin wannan hangen nesa ba a koyar da shi a Leeds.

Zai shiga mota ya nuna ɗakin girkin siminti da mahaifina ya maƙala a baya, ya ce wannan abin kunya ne, kariya ba ta shafe shi ba. Na yi godiya.

Ni da Fowzy muka cicciɓo gadon zuwa can, Gwaggo na biye tana mita, wai a tsohon ɗakin aka haife ta.

"Yanzu a hayaƙi zan mutu?"

"Nan a hankali ne, Gwaggo. Can gindin bangon kuwa lokaci guda ne."

Na ja babbar ƙofar na datse. Mu a abin kunya za mu zauna. Tarihi ya ji da bishiyarsa.